Yanda waƙar 'yan kwaya (mawaƙan coci) ta fita daga coci ta shiga rediyo da gidan rawa: labarin Oh Happy Day

Faifai 500 kacal suka yi niyyar bugawa, su sayar wa iyaye da 'yan uwa da mutanen coci, su samu kuɗin zuwa babban taron matasa na ɗarikarsu, shikenan fa. Babu kamfani a bayansu, babu situdiyo, babu wanda ya zauna ya ce bari mu yi waƙar da za ta zaga duniya. Matasa ne su 46, masu shekara 17 zuwa 25, 'yan ƙungiyar da ake kira Northern California State Youth Choir, wato kwayar matasan arewacin Kalifoniya ta ɗarikar Church of God in Christ, wacce Edwin Hawkins da Betty Watson suka haɗa a 1967. Suka taru a cocin Ephesian da ke garin Berkeley, inda shi Edwin ɗin yake buga fiyano, aka kafa musu wata na'urar ɗaukar sauti mai layi biyu kawai, suka rera waƙoƙi takwas, faifan ya fito a 1968 da sunan Let Us Go Into the House of the Lord. A cikin takwas ɗin nan akwai Oh Happy Day, kuma shi kanshi Edwin ya sha faɗa daga baya cewa ba ita ce suka fi so ba, ba ita suka sa wa rai ba.

Ni dai na fara jin waƙar ne a kaset ɗin bidiyo, cikin fim ɗin Sister Act 2 na 1993, wajen da wani yaro ɗan makaranta mai jin kunya yake fara ta ƙasa-ƙasa sannan ya ɓarke da murya. Lokacin ina cikin kwayar matasa a cocinmu, muka yi ta mayar da kaset ɗin baya har ya fara ja, muka kwashe waƙar da kunne ba tare da mun san ko waye ya yi ta ba, mu a tunaninmu ta fim ɗin ce. Sai da na girma na nemi asalinta sannan na gane cewa rigimar da muka yi a cocinmu a kan ganga da kiɗa, wasu sun riga mu yinta tun kafin a haife mu, kuma tasu ta fi tamu zafi nesa ba kusa ba.

Waƙar kanta tsohuwa ce tukuf. Wani fasto a Ingila mai suna Philip Doddridge ne ya rubuta baitocinta, ya rasu a 1751, aka buga waƙoƙinsa a 1755 bayan ba ya duniya, daga baya a ƙarni na 19 aka ƙara mata amshi da karin da aka saba rera ta da shi. Irin waƙar da ake yi ranar baftisma ce, a tsaye ƙyam, littafi a hannu, bugunta uku-uku, a hankali. Abun da Edwin ya yi mata, in ka duba a takarda kaɗan ne, amma a kunne ya canza komai. Ya watsar da dogayen baitocin gaba ɗaya ya riƙe amshin kawai, wato maganar ranar farin ciki da Yesu ya wanke zunubi, da maganar cewa ya koya wa mutum tsaro da addu'a da zama cikin murna kullum. Ya sauya bugun daga uku-uku zuwa huɗu-huɗu, wanda shine bugun da ƙafa take bi ba tare da an roƙe ta ba. Sannan fiyanon da ya sa mata ba irin na coci bane zalla, akwai ɗanɗanon kiɗan Barazil a ciki, shi da kanshi ya ce yana sauraren Sérgio Mendes sosai a lokacin.

In ka sa abun sauraro a kunne ka kunna asalin faifan, wajen minti biyar ne, za ka ji fiyano ya fara shi kaɗai yana wani lilo kamar mai rarrashin yaro, da ɗan kiɗa a ƙarƙashi. Sai muryar Dorothy Combs Morrison ta shigo, kuma ba da ihu ta shigo ba, murya ce mai kauri tana can ƙasa kamar mace tana magana da kanta a ɗaki, ta faɗi layi ɗaya 'yan amshi su mayar mata a hankali kamar suna raɗa, ta sake faɗa su sake mayarwa. Kana cikin wannan natsuwar sai kawai mutum arba'in da wani abu su buɗe maƙogwaro lokaci guda, sautin ya cika cocin har kana jin yanda bango yake dawo da shi, har na'urar ma kamar ta kusa kasa ɗauka. Kafin ka gama farfaɗowa sun sake komawa ƙasa, Dorothy ta ci gaba da abunta. Wannan hawa da saukar shine sirrin waƙar a wajena, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin baya na kwaya ya san daɗin wannan lokacin da kuke riƙe numfashi kuna jiran hannun mai bada umarni ya ɗaga. Daga ƙarshe tafi ya shigo, ita kuma ta saki jiki tana wasa da kalmomin yanda ta ga dama.

Toh faifan ya zauna a hannun mutanen coci na wasu watanni ba wanda ya san da shi a waje. A farkon 1969 ne kwafi ɗaya ya faɗa hannun wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon KSAN na San Faransisko, ana ce mishi Voco, sunanshi Abe Keshishian. Ita KSAN ba tashar addini bace ko kaɗan, tashar kiɗan rok ce ta matasan nan masu dogon gashi da ke adawa da yaƙin Biyetnam. Ya saka waƙar, waya ta fara ruri, mutane suna tambayar wace waƙa ce wannan, a ina ake samunta. Wasu tashoshin yankin suka ɗauka, daga nan kamfanonin faifai suka fara rububi, Neil Bogart na kamfanin Buddah Records ya yi nasara, aka sake fitar da waƙar a ƙarƙashin tambarin Pavilion, ƙungiyar ta koma Edwin Hawkins Singers. Kafin tsakiyar shekarar ta kai lamba 4 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka baki ɗaya, lamba 2 a jadawalin waƙoƙin sol da R&B, wato salon kiɗan baƙaƙen Amurka, lamba 2 a Birtaniya, lamba 1 a Jamus da Faransa da Holan. A 1970 ta ci kyautar Grammy. Kuma duk wannan da sautin nan na na'ura mai layi biyu ne, ba a koma situdiyo an gyara ba.

Me yasa ta kama haka? Mutane suna cewa lokacin ne, kuma akwai gaskiya a ciki. An kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968 a Memphis, kwana ɗaya bayan ya yi jawabinshi na ƙarshe a Mason Temple, wanda shine hedikwatar ita wannan ɗarika ta su Edwin ɗin. An kashe Robert Kennedy bayan wata biyu, gawarwakin sojoji suna ta dawowa daga Biyetnam, Oakland kuma inda aka haifi Edwin a 1943 nan ne ƙungiyar Black Panther mai fafutukar 'yancin baƙar fata ta tashi a 1966. Ƙasar ta gaji, sai ga wasu matasa baƙaƙen fata suna rera farin ciki da dukkan ƙarfinsu. Amma ni ban yarda lokaci kaɗai ya isa ba, ai waƙoƙin ta'aziyya da na sa rai sun yi yawa a shekarun. Ita wannan tana da bugun da ya yi daidai da abun da kunnen mai sauraren faifan kamfanonin Motown da Stax ya saba da shi, in an saka ta tsakanin waƙar Aretha Franklin da ta Marvin Gaye ba za ka ji ta fita daban ba, kuma kalmominta kaɗan ne, wanda bai jin Turanci ma zai iya amshin tun a ji na biyu, shiyasa Bajamushe da Bafaranshe suka saya.

Nan ne rigimar ta taso, kuma nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Manyan cocin ba su yi murna ba. An zaga da takardar koke ana neman gidajen rediyon duniya su daina saka waƙar, kuma ba a yarda ƙungiyar ta ci gaba da amfani da sunan kwayar ɗarikar ba, wanda yana cikin dalilin sauya sunan. Mutum zai iya cewa wannan ai hassada ce ko duhun kai, amma in ka san abun da dattawan nan suka gani da idonsu ba za ka yi saurin faɗin haka ba. Sun ga Sister Rosetta Tharpe, 'yar ɗarikarsu, ta ɗauki jita ta hau dandalin gidan rawa na Cotton Club a 1938. Sun ga Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci a 1954 ya cire sunan Yesu ya sa maganar mace. Sun ga Sam Cooke, wanda 'yan mata suke cika coci dan su ji shi a ƙungiyar Soul Stirrers, ya fara fitar da waƙar soyayya a ɓoye da sunan Dale Cook kafin ya fito fili ya tafi gaba ɗaya a 1957. Kusan duk abun da ake kira sol a cocin baƙar fata aka raine shi, coci ce ta koya wa yaran nan murya kyauta tun suna ƙanana, sai sun nuna sannan kasuwa ta zo ta tsinke. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, dan haka da suka ji muryar 'ya'yansu tana fitowa daga rediyon mashaya, abun da ya zo musu shine ga shi an sake kwashe mana.

Sai dai lamarin Oh Happy Day ba irin na su Sam Cooke bane, kuma wannan bambancin shine ya sa nake ganin dattawan sun yi kuskure duk da ina fahimtar tsoronsu. Su waɗancan sai da suka sauya kalmomi kafin su tsallaka, suka bar saƙon a bakin ƙofa suka fita da karin kawai. Su Edwin ba su sauya ko harafi ɗaya ba, ba su ma san ana tsallakawa ba, suna zaune a Oakland abunsu duniya ce ta zo ta same su. Waƙar da ke cewa Yesu ya wanke zunubi ita ce ɗin dai aka saka a tashar rok, ita aka saka a wajen biki, ita ta hau jadawali. Edwin ya riƙa mayar musu da cewa ku ne kuke wa'azin a kai bishara ko'ina, ga ta ta je ko'ina kuma kun ce a dawo da ita. Ni a nan ina bayanshi ɗari bisa ɗari. In saƙon gaskiya ne, kunnen da ya ji shi a mashaya bai fi ƙarfinshi ba.

Amma fa akwai wani ɓangare na maganar dattawan da ban iya turewa ba har yau. Waƙar ibada in ta fita daga inda ake ibadar, ma'anarta tana iya zama ado kawai. Mutum zai yi rawa da ita da kwalba a hannu bai ji komai ba sai bugun, kamfani zai sa ta a talla, a ƙarshe sunan da kuke durƙusawa in an ambata ya zama wani sauti cikin sautuka. Na ga wannan tsoron a fuskar mutum. Ranar da aka fara shigo da gangunan bature cocinmu, muna tsakiyar waƙa yaron da ke bugawa ya ɗan ƙara wuta, 'yan mata suka fara motsa kafaɗa, sai wani dattijo da ke zama a bencin gaba kullum ya rufe littafin waƙoƙinshi a hankali, ya sa a aljihun babbar riga, ya ɗauki sandarshi ya fita, bai ce wa kowa komai ba. Bayan an tashi na same shi a gindin darbejiya na durƙusa na gaishe shi na ce Baba lafiya kuka fita, ya ce min, ɗana, ni ban ce kiɗa haram bane, amma na duba fuskokinku ban gane ko da wa kuke magana ba. Maganar nan ta zauna min. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin wannan muhawarar a kan waƙoƙin bege da aka sa musu fiyano, dan haka na san ba baƙon zance bane a wajen mai karatu. Abun da zan iya cewa kawai shine a faifan su Edwin, in ka saurari Dorothy, ba ka shakkar da wa take magana.

A ɓangaren kiɗan duniya kuwa abun ya bazu da sauri. A watan Agustan 1969 Joan Baez ta rera ta a babban taron kiɗa na Woodstock, Quincy Jones ya yi nashi salon a shekarar, Glen Campbell mawaƙin kantiri ya yi nashi a 1970 ya shiga jadawali. A bazarar 1969 ɗin ƙungiyar ta hau dandalin bikin al'adu na Harlem a New York, inda su Stevie Wonder da Nina Simone da Mahalia Jackson suka yi wasa, hotunan bikin suka kwanta shekara hamsin kafin Questlove ya fito da su a fim ɗin Summer of Soul a 2021, wanda ya ci Oscar. George Harrison na ƙungiyar Beatles ya ce Oh Happy Day ce ta zaburar da shi ya rubuta My Sweet Lord, kuma da ya fara ba Billy Preston waƙar ya rera, su Edwin Hawkins Singers ɗin ne suka yi mishi amshi. Ko da aka kai Harrison kotu a kan cewa ya kwaikwayi karin wata waƙar ƙungiyar Chiffons, har alƙali ya yanke a 1976 cewa ya kwaikwaya ba da saninshi ba, shi dai bai daina cewa waƙar 'yan kwayar nan ce ke kanshi ba.

Akwai kuma Melanie, wata mawaƙiya farar fata da ke kamfani ɗaya da su, wacce ta rubuta waƙa a kan abun da ta gani a Woodstock ta nemi su yi mata amshi. Yanda ta riƙa bada labarin, da farko sun ja baya sabida waƙar ba ta ambaci Ubangiji ba, sai da ta je ta rera musu da kanta sannan suka shiga. Waƙar, Lay Down, ta kai lamba 6 a 1970. Na kawo wannan ne dan a ga cewa su ma yaran da ake zargi da sayar da addini suna da nasu layin da suke tsoron tsallakawa, ba wai sun saki linzami bane.

Wacce nake jin ba a yi wa adalci a labarin ba ita ce Dorothy. 'Yar Texas ce, an haife ta a Longview a 1944, ta taso a gidan mawaƙa a Kalifoniya. Muryarta ce mutane suka ji suka kira gidan rediyo, amma sunan da ya zauna a bakin duniya na Edwin ne, ka tambayi mutum goma da suka san waƙar da ƙyar ka samu ɗaya da ya san sunanta. Ba ta daɗe ba ta bar ƙungiyar ta kama waƙa ita kaɗai, ta fitar da faifai, ta hau manyan dandali irin bikin Big Sur na 1969, amma ba ta sake samun abun da ya kai wannan ba. Ban ce Edwin ya zalunce ta ba, tsarin waƙar nashi ne kuma ba dan shi ba da babu ita, sai dai haka kasuwa take yi wa kwaya, tana son suna ɗaya da fuska ɗaya, alhali abun da ya sa waƙar ta yi daɗi shine taron. Sauran mutum arba'in da ɗoriyan nan da suka buɗe maƙogwaro lokaci guda, yawancinsu sun koma aikinsu da makarantarsu ba wanda ya san su.

Sai maganar gidan rawa, wanda shine mataki na biyu kuma ya fi na rediyo zafi a wajen coci. Shi Neil Bogart ɗin da ya sayi waƙar, a 1973 ya kafa Casablanca Records, kamfanin da ya fito da Donna Summer ya zama uwa uba a kiɗan disko, ita ma Donna a coci ta koyi waƙa a Boston. Masu saka faifai a kulob-kulob na New York, da yawansu yaran coci ne da suka girma, sun gane cewa babu abun da ke ɗaga ɗaki da ƙarfe huɗu na asuba kamar muryar kwaya a kan ganga mai nauyi. Ƙofar da Oh Happy Day ta buɗe ta nan aka yi ta shigowa. Clark Sisters na Detroit, 'ya'yan Mattie Moss Clark wacce ita ce shugabar sashen kiɗa na ɗarikar Church of God in Christ gaba ɗaya, sun fitar da You Brought the Sunshine a 1981, Twinkie Clark ta gina ta a kan irin bugun rege da Stevie Wonder ya yi amfani da shi, bayan ɗan lokaci ta zama waƙar kulob. Da uwar ta hau dandalin Grammy tare da 'ya'yanta sai da manyan ɗarikar suka tsawata mata, ka ga shekara goma sha wani abu bayan su Edwin ba a gama rigimar ba.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Tramaine. Tana cikin 'yan kwayar nan da suka rera Oh Happy Day tana budurwa, jikar Bishop E. E. Cleveland ce, wato mai cocin Ephesian ɗin da aka ɗauki faifan a ciki, daga baya ta auri Walter Hawkins ƙanin Edwin, suka yi shekaru suna waƙoƙin bishara da coci ta karɓa hannu biyu. A 1985 ta fitar da Fall Down a kamfanin A&M, da kiɗan na'ura irin na zamanin, waƙa ce ta roƙon Ruhu ya sauko, kalmominta na ibada ne tsantsa, ta hau lamba 1 a jadawalin waƙoƙin rawa na Billboard, ana ta saka ta a kulob irin su Paradise Garage inda Larry Levan yake juya faifai. Abun da ya biyo baya ya yi mata ciwo, wasu tashoshin bishara suka juya mata baya, mutanen da suka san ta tun tana yarinya suka ce ta ɓata. Bambancinta da 1969 shine ita ta san inda waƙar za ta je, da gangan ta nufi can, dan haka ba ta da uzurin cewa duniya ce ta zo ta same ta. Kuma duk da haka ina ganin abu ɗaya ne, mutanen da ke cikin kulob ɗin nan a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da cutar kanjamau take kwasar abokansu ɗaya bayan ɗaya, da yawansu coci ta riga ta rufe musu ƙofa, in akwai wanda yake buƙatar ya ji ana roƙon Ruhu ya sauko ai su ne. Tramaine ta koma salon da aka saba daga baya, ta ci Grammy, cocin da ta yi fushi ta sake rungumarta.

Zuwa 1997 da Kirk Franklin da ƙungiyar God's Property suka fitar da Stomp a kan kiɗan ƙungiyar Funkadelic har tashar talabijin ta MTV tana sakawa, an yi surutu amma ba kamar da ba, hanyar ta riga ta faɗaɗa. Aretha Franklin da Mavis Staples sun riga sun mayar da Oh Happy Day cikin coci a 1987, a faifan da aka ɗauka a cocin New Bethel na mahaifin Aretha a Detroit, mata biyu da suka yi suna a kiɗan sol suna rera waƙar da aka taɓa cewa ta yi kama da sol da yawa. Yau tana cikin waƙoƙin da ƙungiyoyin kwaya a Japan da Jamus da Koriya da nan gida suke koya in suna so su yi salon bishara na baƙaƙen Amurka, har an manta cewa an taɓa zaga takarda a kanta.

Edwin Hawkins ya rasu ranar 15 ga Janairu 2018 a Pleasanton da ke Kalifoniya, yana da shekara 74, ciwon dajin fankiriyas ne ya yi ajalinshi, ya bar Grammy huɗu. Tun a 2005 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa faifan cikin jerin sautukan da ƙasar take adanawa na tarihi. Shi kuwa dattijon cocinmu ya dawo bayan sati uku, ya sauya wajen zama ya koma bencin baya kusa da ƙofa, nesa da gangunan. Ranar da muka rera Oh Happy Day a bikin girbi, mun roƙi mai gangar ya sassauta hannu a farkon, ya bar fiyano da mai bada waƙa su kaɗai kamar yanda yake a asalin faifan, da muka zo wajen da kowa yake buɗe murya na saci kallon bencin baya, yana zaune, littafin yana rufe a kan cinyarshi, bai tashi ba har muka gama.